Allurar Awon Gas Ba Ta Motsa Ba

Da sassafe ranar Lahadi, a watan Yuli, wanda a ƙasarmu shi ne tsakiyar sanyi, aka buga waya ofishin 'yan sanda na unguwar Alberdi. Kicin ya fashe a hawa na biyu na wani tsohon bene, an fita da tsohuwa ɗaya, ba ta kai asibiti ba.

Tsohuwar nan ƙanwata ce, Herminia. Ni ce Eulogia, yayarta. Kafin Sufeto Barrionuevo ya iso, mutanen benen sun gama yanke mata hukunci a kan matakala. Wai ta rikice. Wai ta kwana da murhu a buɗe. Ta mutu, sannan kuma a ɗora mata laifin mutuwarta? Ba dai ina numfashi ba.

Sufeton gajere ne, ba shi da yawan magana. Ya tsallake fasassun gilasai ya tsaya a tsakiyar kicin. Bango ya yi baƙi, butar ruwan zafi tana ƙasa, kwalin ashana a gefenta.

"Wa ya fara shigowa?"

"Ni ne, Yallaɓai," in ji Anselmo, mai kula da benen, wani ƙato mai tumbi. "Na tarar da makunnin murhu ɗaya a buɗe, na murɗa na kashe. Baiwar Allah, kwanan nan mantuwa ta yi mata yawa."

"Uwarka ce mai mantuwa," na ce.

"Doña, bar ni in yi aikina," in ji Sufeto. Doña ake ce wa babbar mace a nan, kamar a ce uwargida.

"To yi. Ina nan a bayanka."

Ya durƙusa gaban murhun, ya kama makunni na farko. Bai juya ba. Ya gwada sauran, duk haka.

"Wuta ta narkar da robar, ta manne. Kuma a kashe ta manne." Ya ɗago. "Da wane hannu ka murɗa, Anselmo?"

Anselmo ya share goshi, a cikin wannan sanyin. "Wataƙila na ruɗe ne, Yallaɓai. Hayaƙi ya yi yawa."

"Wataƙila. Kada ka yi nisa."

Nan na faɗa wa Sufeto abin da babu wanda ya so ya faɗa. Herminia ta daɗe ba ta jin wari. Ni ce na zo ranar Talata na ji warin gas tun daga ƙofa, ni ce na kira mai gyara mai lasisi, ya zo ranar Alhamis ya yi gwaji, ya ce lafiya lau.

Aka kawo shi da jakar kayansa. Zoilo Ferreyra sunansa.

"Na yi gwajin yadda ake yi, Yallaɓai. Na rantse da 'ya'yana, allura ba ta motsa ba."

"Sake yi in gani."

Zoilo ya sauka ya tabbatar gas a rufe yake daga mita. Ya dawo ya cire tiyon murhu, ya ɗaura agogon awonsa a bakin bututun, ya buga iska da ɗan famfon hannu har allurar ta hau ta tsaya.

"In bututu lafiya yake, nan za ta zauna. In da yoyo, za ta sauka."

Muka zuba wa agogon ido. Allurar ta ɗan girgiza, sai ta fara yin ƙasa a hankali, ba ta tsaya ba sai da ta kwanta.

"Fashewar ce ta tsaga bututun," in ji Zoilo da sauri. "Ranar Alhamis na bi kowace mahaɗa da idona."

"Kowace?"

"Kowace."

Sufeto ya bi bututun da yatsa har inda ya shige bayan kabad ɗin kwanuka, wanda aka kafe da ƙusa a bango.

"Har nan ciki?"

Zoilo ya sunkuyar da kai. "Tunda allura ta tsaya, me zai kai ni can?"

"Lasisinka zai kai ka," na ce. "Ko na ado ne?"

Aka ɓamɓare kabad ɗin. A mahaɗar bututun akwai wani abu dunƙule, ya yi baƙi ta waje. Sufeto ya kankare shi da wuƙa. Ciki fari ne, ya bushe ya tsattsage. Ya kai hanci.

"Sabulun wanki."

Zoilo ya zauna a ƙasa. "Wayyo Allah. An cusa ne a tsagar. Yana da danshi zai riƙe iska, gwaji ya wuce. Da ya bushe ya buɗe baki. Ba ni ba ne, Yallaɓai, ɗan sana'a ba ya wannan haukan."

Sufeto ya sunkuya. Yana duban wata ƙusa da ta leƙo a bayan kabad ɗin. Ya zaro wani zaren ulu kore daga kanta, ya naɗe a hankici.

Ya sa aka mayar da kabad ɗin mazauninsa, ya kira Anselmo.

"Zura hannunka ta nan, ka taɓo bututun."

Hannun bai wuce wuyansa ba. Na Zoilo ma haka. Anselmo har ya fara murmushi, marar kunya.

"Ka gani, Yallaɓai?"

"Na gani. Hannunka bai shiga ba, amma makullinka yana shiga kowace ƙofa a benen nan. Wa ka ba?"

"Ban ba kowa ba."

"To kai kaɗai ne mai makulli, kai ne kuma ka yi mini ƙarya a kan murhu. Kofur, kawo ankwa."

"Tsaya!" Muryarsa ta koma ta yaro. "Ni yoyon kawai na gano ranar Laraba, da na watsa kumfar sabulu ta bayan kabad ɗin, na nuna mata. Da safiyar Alhamis, da Herminia ta fita sayen burodi, sai waccan ta ce in ba ta makullin. Ita ke iya korata daga aiki, Yallaɓai."

"Wa?"

Ya nuna sama da haɓa.

Doña Nélida, shugabar kwamitin mazauna, tana hawa na uku. Siririya ce, kullum tsaf. Mijinta na zaune a jikin hitar ɗumama ɗaki da ta mutu tun safe, an lulluɓe shi da bargo, yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage.

"Shigo, Sufeto. Da na ba ka shayin mate, amma ka ga ba wuta. Eulogia, sannu da rashi."

"Riƙe sannunki."

"Yaushe rabonki da shiga gidan marigayiya?" in ji Sufeto.

"Ai tun bikin Ista."

"Kin san za a yi gwaji ranar Alhamis?"

"Daga baya na ji."

"Da allurar ta sauka, me zai faru?"

Ta gyara zama. "Ka sani, na sani. Mai gyara zai kai rahoto, kamfani ya rufe gas na benen gaba ɗaya. Benen da ke kallonmu haka aka yi musu, har sanyi ya fita ba a buɗe ba."

"Kin san dokar sosai."

"Aikina ne."

Sufeto ya buɗe hankicin a kan tebur. Sannan ya dubi rigar sanyin da ke rataye a bayan kujera. Koriya ce, bakin hannun dama ya warware.

"Naɗe hannun rigarki, Doña."

Ba ta motsa ba.

"Nélida," in ji mijin, "me yake nufi?"

Ta naɗe. Wani dogon karce ya taso daga wuyan hannu har kusa da gwiwar hannu, ya fara ɓawo.

"Zuwa ƙarshen sanyi kawai nake so," ta ce, ba ta dubi kowa ba. "Da an shiga Satumba ni da kaina zan kira a gyara. Likita ya ce in sanyi ya sake kama shi ba zai tashi ba. Mahaifiyata haka take toshe na gidanmu, ba abin da ya taɓa faruwa. Ban san zai bushe da wuri haka ba. Wallahi ban sani ba."

"Amma kin san ba ta jin wari," na ce. "Kin sani, kika bar ta ta kwana a kai. Da ta mutu kuma kika tura wancan ƙaton ya ce ta rikice."

Ba ta musa ba.

Sufeto ya miƙe. "Ɗauki rigarki, Doña. A'a, ba koriyar ba, wannan tamu ce."

Aka sauko da ita, kofur na riƙe da gwiwar hannunta, Anselmo a bayansu da ankwa. Zoilo ma aka ce ya biyo su ofis. Mutanen benen sun yi cirko-cirko a matakala, waɗanda ɗazu bakinsu bai rufu ba. Nawa ne a cikinsu suka ji warin nan a hanyar wucewa suka toshe hanci? Wannan Sufeto bai tambaya ba. Ni zan tambaya, a gaban alƙali, ɗaya bayan ɗaya.

A ƙasa ma'aikatan kamfani suna ɗaura kwaɗo a kan babban makullin gas. Wata mata daga hawa na ɗaya ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya.

"Yanzu ga shi kin ja mana, Doña. Da yara ƙanana, yaya za mu yi da sanyin nan?"

Na dube ta sama da ƙasa.

"Ku ƙara bargo. Herminia a rufaffen akwati za mu binne ta."