Turken Kusurwar Gabas

Da 'yan bindiga suka ƙone rumbunan ƙauyensu a wajen Kurawa, Labbo ya kwaso iyalinsa zuwa gefen Sabon Birni. Filin da aka nuna masa fako ne, ƙasa kamar dutsen niƙa, aka ba shi tamfol guda ya kafa. Ya fiƙe turakun geza, suka kakkarye. Ya samo na ƙirya, suka ƙi shiga. Labbo kuwa ba ya yarda a ga gazawarsa, ko da ƙasa ce mai kallo. Sai ya sa maƙeri ya yanka masa rodi takwas, ya fiƙe bakinsu, ya lanƙwasa kansu don igiya.

Rana ta faɗi yana ta bugu. Matarsa Saude ta ce, "Malam, magariba ta yi, ka bari sai da sahe."

Bai ɗago ba, ko bisimilla bai yi ba. Bakwai sun jiƙa shi da gumi. Na takwas, na kusurwar gabas, bugu ɗaya ya nutse kamar an soka shi cikin tuwo. Labbo ya yi dariya.

Washegari da magariba tsakuwa ta fara sauka a kan tamfol, ɗaya bayan ɗaya, ba kowa a waje. Can kuma sai kukan yaro, siriri, daga ƙarƙashin ƙasa. Magariba ta uku, 'yarsu Nuriyya ta sauke tulu, ta kama ƙafar hagu, ta faɗi.

Aka ɗauko Malam Kalilu daga Tozai a kan babur. Ya daɗe yana karatu kafin bakin yarinyar ya buɗe da muryar wata tsohuwa.

"Mi yarinyag ga ta yi maki?" in ji malam.

"Ba ta yi ba. Uban na. Ɗana na kwana nan, ya kahe mai ƙahwa da ƙarhe. Kwana ukku yana kuka, mu ko ba mu taɓa ƙarhe. A cire, in tahi."

Malam ya juya. "Labbo, tashi ka cire."

Labbo ya leƙa waje. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, daidai kusurwar da turken ke riƙe. A ciki ga ɗan geron da suka tsira da shi.

"Malam, in na cire, iska na ɗauke tamfol. A bari sai da sahe."

Saude ta durƙusa ta kama ƙafarsa. "Ni za ni riƙe igiyar da hannuna har gari ya waye." Ya ture ta. Malam ya roƙe shi har sau uku, ya kafe a kan sai da safe. Ban taɓa jin taurin zuciya irin wannan ba, ga 'yarsa kwance tana murƙususu a gabansa.

Da muryar ta dawo, a sanyaye ta dawo.

"Sai da sahen. Na yarda."

Malam bai so saurin yardar nan ba, amma ya sa ta rantse za ta fita, ta rantse.

Hadarin ya watse, ko ɗigo bai sauka ba.

Da asuba Labbo ya zare turken da yatsu biyu. Bakin turken a jiƙe yake, alhali fakon a bushe yake ƙayau.

"Ɗana ya tashi," in ji muryar, "amma ƙahwar ta mutu. Jiya da magariba tana da rai. Uban ya ɗauki darenai, ni na ɗauki nawa."

Nuriyya ta yi atishawa uku, ta buɗe ido, ta nemi ruwa. Saude ta yi hamdala tana kuka. Yarinyar ta yunƙura ta miƙe, ta kife. Ƙafar hagu ta shanye, tana reto kamar tsumma.

Malam ya naɗe buzunsa, ya fita bai yi wa Labbo sallama ba.

Da yamma Saude ta kawo wa Labbo tuwo, ta ajiye turken a gefen kwanon. Har yau nan take ajiye shi.