Guntayen Raga a Kwarin Bayan Gari

Ana gab da magariba, uwar Auta tana kwashe shanya a tsakar gida, sai wani abu ya faɗo tim a kan rufin kwano. Ta ɗauka yaran maƙwabta ne da jifansu. Abin ya gangaro a hankali ya faɗi kusa da ƙafarta. Matacciyar kurciya ce, ta kumbura, baƙin zaren roba ya naɗe mata wuya da fukafukai, tsutsa na fita ta idonta.

Ta san zaren. Mijinta ne shugaban leburori a aikin tare hamada, har an laƙaba masa Mai Raga. Tudun rairayin da ya cinye gonakin gabas ya taso wa gidaje, su kuma suna shimfiɗa masa wata ragar roba mai aljifai kamar saƙar zuma, su kafe ta da turaku, su cika aljifan da ƙasa, su dasa itatuwa a ciki. Aikin ya yi amfani, don rabon da ta kwashe yashi daga bakin ƙofa da shebur har ta manta.

Daga ranar, duk faɗuwar rana sai an jefo musu mushe. Yau ƙadangare, gobe bushiya, wata rana maciji da ya narke rabi, kowanne a ɗaure cikin zaren nan. Ta wanke tsakar gida har hannunta ya saɓule, ɗoyin bai tafi ba. Ya shiga tufafi, ya shiga ruwan sha.

"Shaho ne ke yar da su," in ji mijin, yana kawar da ido.

"Shahon da ya san adireshin gidanmu kaɗai? Malam, ka bar wannan zancen."

Sai abin ya koma kan Auta, 'yarsu budurwa da ke shirin jarrabawar gama sakandare. Ta daina cin abinci, ta kama sosa wuya da wuyan hannu har jini. Wani yammaci uwar ta same ta tsugune a lungun ɗaki, tana zaro baƙin zare daga bakinta, jiƙe da yawu, yana ta fitowa ba ya ƙarewa. Ta ɗago kai, ta ce da muryar wata tsohuwa: "Wari nake ji."

Uwar ta fita da baya ta yi amai a bakin magudana. Ko mayafi ba ta ɗaura daidai ba ta tafi ta kira kawunta, tsohon malami da ya san ruƙiyya.

Kawu ya zauna a tabarma, ya sa aka riƙe yarinyar, ya yi ta karatu har hasken taga ya dushe. Can jikin Auta ya sandare.

"Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?" in ji Kawu.

"Ba ta yi min komai ba," muryar ta ce. "Gidana wata tsohuwar bishiya ce, kuka sare kuka yi gawayi. Na koma tudu, kuka lulluɓe shi da roba. Ban ce uffan ba, don ni ma yawon yashin ya ishe ni. Sai na sauka kwari. Tambayi wancan me ya zuba a kwari."

Kawu ya juya. Mai Raga ya ce, "Guntaye ne, Kawu, ragowar abin da muke yankewa. An ce a tara wa kamfani, mota ba ta zo ba, sai na ce yara su tura su can."

"Can dabbobi ke zuwa shan ruwa," in ji muryar. "Su shiga, su sarƙe, su ruɓe, ita kuwa ragar ko gezau. A cikin wannan nake kwana. Na ce ku ma ku ɗanɗana. Yanzu a yaye min robar nan duka, har ta kan tudu, in ba haka ba ina nan."

"Ta kan tudu ba za a taɓa ba," Kawu ya ce. "In aka yaye ta, yashi zai binne gidaje da yara a ciki. Kwari kuwa haƙƙinki ne, za a share. Amma shiga jikin marar laifi zalunci ne, kin sani."

Sai muryar ta sassauta, ta ce:

"To shi zai kwashe. Ba lebura, ba safar hannu. Kuma a dasa min bishiya."

"Za a dasa saboda Allah, inuwar ta kowa ce. In kin raɓa, ki raɓa. Fita."

Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin uwarta, ta ce, "Umma, ƙishirwa nake ji."

Da gari ya waye uwar Auta ta bi mijinta kwari, don tana so ta gani da idonta. Tun daga nesa ƙudaje suka tarye su. Guntayen sun taru kamar tsauni a bakin ruwan da ya koma kore, ƙasusuwa da gashi da fatu sun cakuɗe a ciki. Wani ɗan akuya da bai daɗe da mutuwa ba yana rataye da ƙafa ɗaya. Ta toshe hanci da mayafi, ta dubi mutumin da take dafa wa abinci shekara da shekaru.

Ya naɗe hannun riga ya shiga. Yana ja yana kakari, yana lodawa a baro. Da rana ta take, ya tsaya, ƙazanta har gwiwar hannu.

"To ina zan kai su? In na ƙona, hayaƙin guba ne."

"Ƙarƙashin tagar ɗakinka," ta ce. "Su zauna nan har motar ta zo. Na tabbata yanzu za ka san yadda ake kiran ta."