Shekarar da Maƙera Suka Kashe Wuta

A zamanin sarkin da mutanen birni suka yi wa laƙabi da Tukuna, bai daɗe da hawa gadon mahaifinsa ba, damina ta yi tsakiya, kogi ya cika har ya shafe mashigi, sai jakadan sarkin ƙetare ya iso a jirgin fito, shi da dokinsa. Saƙonsa gajere ne. Ubangidansa yana tambaya ko alkawarin zaman lafiya da ya ƙulla da marigayi yana nan, fatake su ci gaba da ratsa ƙasashen biyu ba mai taɓa su. I ko a'a yake nema, ba wani abu ba.

Ƙa'idar sarakunan wancan lokaci ita ce, jakada ba ya barin gari sai da amsa, kuma jininsa haram ne har ya koma gaban wanda ya aiko shi. Wanda ke ɗauke da wannan nauyi a birnin shi ne Mai-masauki. Duk baƙon sarki a gidansa yake sauka, kuma ran da aka naɗa shi ya rantse cewa ran baƙo yana wuyansa muddin baƙon yana cikin ganuwa.

Da jakada ya isar da saƙo suka fito daga fada, Mai-masauki ya so su bi babbar hanya. Jakada ya ce taɓo ya yi yawa, ya karya linzami ya shiga lungun maƙera. Lungun matsattse ne, rumfa na jingine da rumfa, zugazugai na huci, hayaƙin gawayi ya tokare sama. Wani saurayin maƙeri ya fito da ƙarfe ja zur a bakin awartaki, zai tsallaka da shi rumfar da ke kallon tasu. Doki ya ga wuta ya yi tuma, jakada ya faɗi rigijib cikin taɓo. Wani ya yi dariya. Ba saurayin ba ne, shi ajiye awartaki ya yi, ya miƙa hannu zai tashe shi. Jakada ya miƙe da takobi a zare, ya sare shi a wuya.

A kan idon Mai-masauki aka yi. Wanda ke kwance kuwa ƙanin matarsa ne, wanda ba ya wuce ƙofar gidansa sai ya leƙo ya tsokane shi cewa yayarsa ta fi ƙarfinsa. Duk da haka, da maƙera suka yo waje da masaba a hannu, shi ne ya shiga tsakani, ya ja jakada a bayansa yana tafiya da baya har gida, ya danna ƙyaure ya sa sakata.

Maƙera suka binne ɗansu, suka zarce fada ƙasa ba ta bar hannunsu ba. Sarkin maƙera, kawun mamacin, tsoho mai hannu kamar kututture, ya durƙusa ya yi gaisuwa.

"Allah ya ja zamaninka. An zubar da jini a garinka da rana tsaka. Ba mu taɓa kowa ba, domin muna da sarki. Mun zo a zauna shari'a."

Sarki ya daɗe yana duban rufin soro, sannan ya ce, "Mun ji. A dakata tukuna."

"Zuwa yaushe, ranka ya daɗe?"

"Sarki ba ya yanka wa kansa rana a gaban talakawansa," in ji Waziri.

Tsoho ya miƙe a hankali. "To, mu ma wutarmu ta dakata tukuna." Da la'asar suka ɗebo ruwa suka kwara wa kowane murhu a lungun. Waɗanda suka gani sun ce tururin ya tashi har an hango shi daga kan ganuwa.

A gida, Mai-masauki ya tarar da matarsa ta ɗaure kayanta, tana zaune a kai.

"Maigida, tambaya ɗaya. Wa zai dafa masa?"

"Ki yi haƙuri. Rantsuwa ce a kaina."

"Ban tambaye ka rantsuwa ba. Hannun da ya yi wa ƙanena wanka yana jariri, shi kake so ya tuƙa wa wancan abinci?"

"Ni ma ƙanena ne."

"A'a. Da ƙanenka ne, da ƙafarka ta yi nauyi ko da kaɗan ne kafin ka shiga tsakani. An ce mini ko tuntuɓe ba ka yi ba." Ta ɗora kaya a ka, ta tafi gidan kawunta.

Daga ranar shi ya koma kai wa jakada akushi da hannunsa, yana fara ɗanɗanawa a gabansa, domin ko barorinsa bai yarda da su ba. Jakada kuwa ko a jikinsa. Yakan miƙe ƙafa a kan shimfiɗa ya ce, "Mai gadina, yau ma gishiri bai ji ba. Garinku ba mata ne?" Wata rana ya ce, "Ina amsata? A ƙasarmu, ko mai sayar da akuya ya fi sarkinku saurin yanke magana." Mai-masauki yakan ajiye akushi ya fita tsakar gida.

Ruwa ya ɗauke, hatsi ya nuna, aka shiga girbi da lauje dakusasshe. Gatari ya karye ba mai gyara. Sarkin yaƙi ya aiko cewa kibau a rumbun makamai ba za su kai yini ba, an yi wa itace fiƙe amma ba ƙarfen da za a sa masa. Mai-masauki ya nemi iso, ya sami sarki shi kaɗai a soron ciki.

"Ranka ya daɗe, ka ba shi amsa ya tafi, ko ka zaunar da alƙali. Kowanne ka zaɓa, bawanka zai ɗauka. Amma a zaɓa."

Sarki ya yi murmushin wanda ya riga kowa gane magana. "Ba ka duba da kyau ba. In na amsa, dole in sake shi, birni ya ce na sayar da jinin ɗansa. In na hukunta shi, ƙetare ta ce na ci amanar ubana. Muddin ban yi magana ba, shi baƙo ne yana jiran amsa, su kuma masu ƙara ne suna jiran shari'a. Ka nuna mini wanda na karya wa alkawari."

"Ranka ya daɗe, kogi yana janyewa. Jiya an ga makiyayi ya tsallaka, ruwa iya gwiwarsa."

"Kai mai saukar baƙi ne ko mai auna ruwa? Koma ka kula da baƙonka."

Sarkin ƙetare bai ga jakadansa ba, bai ji amsa ba, sai ya ɗauki shirun a matsayin amsa. Da mashigi ya bushe, ya tsallako da rundunarsa ya sauka a gonakin da ke gaban ƙofar gabas. A ranar sarki ya aika aka kira Mai-masauki. Wannan karon ba murmushi.

"Ka kai wa maƙera mutumin nan ta ƙofar baya. Su yi abin da suka ga dama, ban gani ba, ban ji ba. Amma kafin rana ta faɗi in ji ƙarar masaba."

Mai-masauki ya tafi lungun maƙera shi kaɗai. Ciyawa ta tsiro a bakin rumfuna, uwar maƙera ta yi tsatsa. Ya tarar da tsoho zaune a ƙofar gida, matarsa da ta yi yaji tana tsaye a bayan kawun nata. Ya durƙusa ya faɗi saƙon sarki yadda aka ba shi, bai ƙara ba, bai rage ba.

"Kai kuma ka yarda ka kawo shi?" in ji tsoho.

"A'a, Baba. Saƙo na kawo. Sai dai ku bi ta kaina."

"Kwantar da hankalinka, ba mai bi ta kanka. Da nama muke so, da tun ranar mun samu, har da naka. Shari'a muka nema, a zaure, da rana, sarki yana zaune, a kira sunan yaron nan a faɗi abin da aka yi masa. Koma ka ce masa mu ba karnuka ba ne da za a wurgo wa ƙashi ta bayan katanga."

Matar Mai-masauki kuwa ko kallonsa ba ta yi ba.

Da sarki ya ji, sai ya juya ta ɗaya gefen. Ya ce a fitar da jakada a mayar wa ubangidansa, ko ya haƙura ya janye. Mai-masauki ya tambaya wace amsa za a ba shi ya tafi da ita. Sarki ya ce amsa za ta biyo baya. Haka Mai-masauki ya fito da baƙonsa ta tsakiyar gari, mutane sun cika hanya, ana tofi ana jifa. Ya rufe shi da jikinsa, dutse ya fasa masa goshi, jini ya rufe masa ido ɗaya, bai tsaya ba sai da ya ga bayan jakada ya wuce ƙofa. Jakada ya waiwayo ya ce, "In mun shigo, zan sa a bar maka gidanka."

Ba a daɗe ana kewaye da birnin ba. Kibau suka ƙare, sakatar ƙofar gabas ta tsage ba mai ƙera wata, talakawa kuma ba su ga wanda za su mutu dominsa ba. Sarki ya fice ta ƙofar yamma da 'yan barorinsa. An ce a wani ƙauye ya ƙare kwanakinsa, yana gaya wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa shi bai taɓa karya alkawari ba.

Sarkin ƙetare da ya shigo bai nufi fada ba. Ya tambayi abin da ya kashe wutar garin, aka gaya masa. Ya sa aka yi masa shimfiɗa a bakin lungun maƙera, aka kira alƙali, aka kawo jakada, aka nemi wanda ya gani da idonsa. Maƙera dangin mamaci ne, alƙali ya ce a kawo wani. Aka tura wa Mai-masauki.

Jakada ya gan shi, fuskarsa ta saki. "Mai gadina! Faɗa musu doki ne ya firgita. Ni baƙonka ne."

"Ka zama baƙona har bakin ƙofa, na kuwa kai ka," in ji Mai-masauki. Sannan ya juya ga alƙali ya faɗi komai: taɓon, awartakin da aka ajiye, hannun da aka miƙa. Alƙali ya yanke hukunci, sarkin ƙetare ya gyaɗa kai, aka zartar a nan inda saurayin ya faɗi. Kafin magariba zugazugai suka soma huci, kuma aikin farko da maƙera suka yi shi ne sabuwar sakata ga ƙofar da sabon ubangidansu ya shigo ta cikinta.

Mai-masauki ya je gidan tsoho biko. Matar ta fito ta tsaya a bakin zaure, ta dubi tabon goshinsa.

"Wannan dominsa ka samu," ta ce. "Shaidar da ka yi wa ƙanena kuwa, me ta ci maka?" Ta koma ciki. Masu ba da labari sun haɗu a kan cewa ba ta sake taka gidansa ba.

Kada mai sauraro ya ɗauka sarkin ƙetare mutumin kirki ne. Waɗanda suka zauna ƙarƙashinsa sun sha wuya, sun kuma faɗa. Bawa ɗaya ya ba da, ya karɓi birni da maƙeransa. Amma ya san cewa ana ɗora mutum a gadon sarauta ne domin ya buɗe baki a ranar da kowace magana take da ɗaci. Tukuna kuwa ya tsare hannunsa daga laifi har ya rasa abin da zai riƙe da shi. Allah ke ba da mulki, Shi ke karɓewa, sai dai a wannan birni bai aiko da annoba ko fari ba. Tambaya biyu kawai Ya aiko, ɗaya daga waje, ɗaya daga gida.