Makunni na Goma Sha Bakwai

Ranar Talata, ƙarfe shida saura kwata na yamma, Injiniya ya shigo gida rungume da na'urar sarrafa fitilun dandamali, ya ɗora ta bisa teburin cin abinci. Makunnai ashirin da huɗu ne a jere a fuskarta, irin waɗanda ake turawa sama haske ya ƙaru, a jawo ƙasa ya dushe, kowanne da ma'auninsa daga sifili zuwa goma.

Matarsa ta leƙo daga kicin, ta tambaye shi ko a nan za a yi wa wannan gawa wanka, ko kuwa da ita za a ci abinci. Ya amsa mata cewa aikin awa biyu ne. Auta, 'yarsu mai shekara goma sha shida, wadda saura mata mako biyu ta zauna jarrabawa, ta tattara littattafanta ta matsa ƙarshen teburin.

Wata huɗu ke nan da Injiniya ya gaji aikin kula da fitilun ɗakin wasan kwaikwayo daga wani dattijo da ya rasu. Ranar Litinin, cikin shirin sabon wasan da za a buɗe ranar Asabar, ya yi gwajin da kowane mai wannan sana'a ya saba yi: ya tura makunnai duka sama don ya ga ƙwan fitilar da ya mutu. Na goma sha bakwai liƙe yake a ƙasa da baƙin salatif, da wata 'yar takarda mai rubutun marigayin: “A bar shi ƙasa.” Injiniya ya ɗauka tsohuwar matsala ce aka kasa gyarawa. Ya ɓare salatif ɗin, ya tura. Wata fitila da bai san da zamanta ba ta kama can cikin rufi, ta kwararo farin haske a kusurwar hagu ta bayan dandamali, bayan tsofaffin labulaye, inda ba mai tsayawa. Daƙiƙa huɗu, in ji littafin aikinsa. Sa'an nan ɗakin ya yi duhu, na'urar ta daina amsa komai, makunni na goma sha bakwai kuwa ya ƙage a kan goma.

A teburin ya bi matakai yadda aka koyar da shi. Fis lafiya lau. Mita ta nuna wuta na shiga daidai. Ya kwance murfi, ya zare wayoyin ciki ɗaya bayan ɗaya, ya goge bakinsu, ya mayar. Ya canza ƙaramin batirin da ke riƙe ƙwaƙwalwar na'urar. 'Yar koriyar fitilarta ta kama, amma fuskarta ba ta nuna ko harafi ɗaya ba.

Ana kiran sallar magariba dutse na farko ya faɗo kan kwano. Na biyu ya biyo shi, sai na uku, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. Injiniya ya zagaya gidan bai ga kowa ba. Da ya dawo ya tarar matarsa ta ƙame a bakin ƙofa tana nuna teburin. Makunnin nan, wanda ya ƙi motsi duk ƙarfin yatsarsa, yana saukowa da kansa. Ya tsaya a kan bakwai.

Auta ta ɗago kai daga littafi. “Baba, wa ya rage wuta?”

Fitilar falon tana ci yadda take ci kullum.

Ranar Laraba likitan ido ya haska idon Auta, ya auna, ya ce bai ga komai ba, ya rubuta magani na ɗigawa. Manajan ɗakin wasa ya buga waya sau biyar yana tambayar yaushe. Injiniya ya narka dalma ya cire makunnin gaba ɗaya, ya dasa sabo fil daga cikin leda. Kafin ya ajiye sukundireba sabon ya zame ya zauna a kan bakwai, ya ƙage. Da magariba duwatsu suka dawo, aka kuma ji kamar ana jan labule mai nauyi a ɗakin da babu labule. Makunni ya sauka kan huɗu. Auta ta daina ganin rubutu.

Ranar Alhamis ya tokare shi da guntun katako, ya ɗaure da waya. Rana na faɗuwa katakon ya tsage biyu. Makunni ya sauka kan ɗaya. Auta ta ce tana ganin fuskar mahaifiyarta kamar inuwa cikin ruwa, daga nan ta juya ta fuskanci bango, ta soma ƙirga ɗaya zuwa huɗu da wata murya wadda ba tata ba, tana maimaitawa.

Matarsa ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta dai gaya masa cewa mitarsa ta faɗi iyakar abin da ta sani, kuma gobe babu sauran lamba sai sifili. Bai musa ba. A littafin aikin, ƙarƙashin wannan rana, layi ɗaya ne kawai: “Ban sami laifi a na'urar ba.”

Malamin da matarsa ta aika a kira ya iso ranar Juma'a bayan la'asar, dattijo siriri mai ƙarancin magana. Ya saurari labarin daga farko, ya nemi a nuna masa 'yar takardar marigayin, ya daɗe yana kallonta. Ya sa aka zaunar da Auta bisa darduma, mahaifiyarta na riƙe da kafaɗunta, ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Hasken taga yana ja yana raguwa. Ba a fi minti ashirin ba yarinyar ta miƙe wuya, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta, busasshiya, marar gaggawa.

Ta ce tun kafin a aza tubalin ɗakin wasan suke zaune a kusurwar da fitilar ta haska. Mai fitila na farko ya ƙona su sau ɗaya cikin rashin sani, ya ba da haƙuri, suka yi alkawari: shi ya bar musu duhunsu, su kuma su bar masa sauran ɗakin. Shekara talatin da ɗaya bai saɓa ba. Ranar Litinin jikarta tana kwance rigingine, idonta a buɗe, hasken ya faɗa mata.

Malam ya tunatar da ita cewa mutumin nan bai sani ba, yarinyar kuma ba ta taɓa makunni ba, ɗaukar fansa a kanta zalunci ne da za a tambaye ta a kansa.

“Tawa fa, Malam? Me ta taɓa?”

Malam ya sunkuyar da kai, sa'an nan ya ci gaba da karatu har jikin yarinyar ya ɗauki rawa, muryar ta ce ya dakata.

Ido biyu ta nema da farko. Malam ya ƙi. Ta sauko zuwa ɗaya, ya sake ƙi. Injiniya ya durƙusa ya ce a ɗauki nasa; ta ce nasa sun riga sun ga duniya, ba su da daraja a wurinta. Duwatsu suka fara sauka bisa kwano, makunnin ya soma rawa a kan ɗaya.

Daga ƙarshe ta gindaya sharaɗi biyu. Ya hau da kansa ya sauke wannan fitila, ya yanke wayarta. Bayan haka, hannun da ya tura makunnin kada ya sake taɓa wani makunni a ɗakin wasan har abada.

“Na yarda,” in ji Injiniya.

“To, abin da tawa ta samu, shi taku za ta samu. Ba ƙari.”

Malam ya sa ta rantse. Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin mahaifiyarta. A kan teburin fuskar na'urar ta kama, haruffa suka bayyana. Makunni na goma sha bakwai ya fara hawa: uku, biyar, takwas. Ya tsaya a kan tara. Sun jira har aka idar da salla, bai ƙara ba.

Auta ta buɗe ido ta karanta agogon bango daidai. Amma da mahaifinta ya tsaya ta hagunta, sai da ta juyo da kanta gaba ɗaya kafin ta gan shi. Haka yake har yau.

A bakin ƙofa Injiniya ya tambayi Malam abin da zai faru idan wani ya jawo makunnin ƙasa. Malam ya ce wannan bai tambayi tsohuwar ba, ta kuma riga ta tafi, kiran ta kuwa buɗe ƙofar da aka rufe da ƙyar ne.

Ranar Asabar da safe ya hau tsani ya sauke fitilar, ya yanke wayarta. Ya roƙi manaja ya sayar masa da na'urar; manaja ya ce kayan ɗakin wasa ba na sayarwa ba ne, balle a ranar buɗe wasa. Manajan ya karɓi takardar ajiye aikin Injiniya, ya ce sabon ma'aikaci zai iso da azahar, matashi ne mai ƙwazo, ba ya barin komai bai gwada ba.

Injiniya ya yanko baƙin salatif ninki uku, ya shimfiɗa shi a hankali ta ƙarƙashin makunnin, yatsarsa ba ta taɓa shi ba. Ya liƙa 'yar takarda, ya rubuta da manyan haruffa: “A bar shi sama.” Ya tsaya yana kallon rubutun, ya tuna abin da shi ya yi da na wanda ya gabace shi. Ya ƙara kalma biyu a ƙasa: “Don Allah.”