Sunan 'Yar Fari

A wani gari can, an yi wata mata mai kunya, ana ce mata Lantana. Tana da 'yar fari, Rakiya, wadda ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke" ko "'yar nan", kamar yadda iyaye suka saba.

Ran nan malamar makaranta ta ce duk wanda bai iya rubuta sunansa ba ranar Litinin, zai maimaita aji. Lantana ta share ƙasa a tsakar gida, ta rubuta da tsinke.

"Karanta."

"Me kika rubuta, Inna?"

"Sunan wata."

"Wace wata?"

"Ke dai karanta!"

Rakiya ta duba ta ce, "Akuya." Lantana ta goge ta sake rubutawa. Rakiya ta ce, "Tukunya." Ta goge ta sake rubutawa, har gumi ya keto mata.

"Wayyo ni Lantana! Wannan kai ne ko dutse?"

"To ai ba ki faɗa ba! Malama faɗa take yi, mu maimaita."

Ga surukarta, kakar yarinyar, zaune kusa tana kaɗi. Ga shi gobe Litinin. Lantana ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ɗora yatsa kan rubutun, ta raɗa, "Ra... ki... ya."

Yarinyar ta bi yatsan da ido. "Au, ni ce nan?" Ta warce tsinken ta duƙufa.

Kaka ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Ni kunnena ya tsufa, ban ji komai ba. Ƙara faɗa mata da ƙarfi."