Takardar Cikin Hula

"Ni Aƙilu? Haba Hajiya! Likita da bakinsa ya ce lafiya irin tawa ba a samunta sau biyu a Kano!"

A falon mahaifiyarsa da ke Nassarawa GRA ya faɗi haka, bayan an sauko daga Juma'a, dangi sun cika kujeru. Shekara shida da aurensa, babu haihuwa. Matarsa Sakinatu tana zaune a kan kafet, kai a sunkuye.

Hajiya ta ce, "To kun dai ji. Sau biyu ana yi mata dashen ƙwan haihuwa a asibiti bai kama ba. Yau ɗin nan ka sallame ta, ta koma Hotoro gidan ubanta."

Aƙilu yana son Sakinatu har ransa, amma tsoron a ce matsalar tasa ce ya fi ƙarfinsa. Wata uku ke nan sakamakon gwajinsa yana naɗe cikin hularsa, inda maza kan cusa takarda don hula ta tsaya. Zufa ta keto masa. Ya cire hular zai yi fifita, sai ga takardar ta faɗo a gaban ƙanwarsa Safina, wadda nas ce.

"Ba ni nan! Tsohuwar jarida ce!"

Ina! Ta riga ta buɗe.

"Yaya, sunanka ne fa." Ta sassauta murya. "Hajiya, HPV aka gani a jikinsa. Ƙwayar cuta ce da ake ɗauka ta hanyar saduwa, da yawa suna da ita ba su sani ba. Takan rage wa ƙwayoyin haihuwar namiji kuzari, har dashe ya ƙi kamawa. Likita ya rubuta a dakata wata shida a sake gwada su biyun, don sau da yawa jiki yakan kore ta."

Hajiya ta dubi Sakinatu.

"Kin san da wannan?"

"Ni nake ba da hular wanki, Hajiya. In ciro takardar, in ta dawo in mayar." Hawaye suka zubo mata. "Mijina ne. Jira nake ya faɗa da bakinsa."

Hajiya ta fashe da kuka, ta kamo hannunta ta zaunar da ita a gefenta.

"Ki yafe mini, 'yata. Ashe rashin haihuwa ba na mace kaɗai ba ne, mun yanke miki hukunci ba mu bincika ba." Sannan ta juyo. "Kai kuma da ba a samun irinka sau biyu, Allah Ya sa kar a samu!"

Aƙilu na tsaye, hula ta lanƙwashe a hannunsa, ya rasa idon da zai kalla.