Tsakiyar Wuƙar Sabo

Da hantsin wata Asabar a shekarar 1956, Sufeto Ashafa na 'yan sandan En'e yana feƙe fensir da 'yar wuƙarsa ta aljihu, sai Kofur Ado ya faɗo ofis ko sallama babu.

"Ranka ya daɗe, ƙarfe ya ci Sabo!"

"Wane Sabon?"

"Ɗan taurin Koki. A wajen biki, a gaban jama'a. Da hannunsa ya farke cikinsa."

Fensirin ya suɓuce daga hannun Sufeto. Wa bai san Sabo ba a birnin Kano? Shi kansa Ashafa ya sha tsayawa kallonsa baki buɗe. In ganga ta yi zaƙi, Sabo zai zaro wuƙa ya datse kara da bakinta don kowa ya ga kaifi, sannan ya ɗora ta a tumbinsa ya yi ta gurzawa yana kirari, ko ƙwarzane babu.

Da suka isa Koki sun tarar an lulluɓe gawar da tabarma, ganguna a yashe a ƙasa. Jama'a kuwa sun bar mamaci sun yi cincirindo a ƙofar gidansa, wasu da duwatsu. A gabansu akwai Haruna, na hannun daman Sabo a wasan tauri, idanu jajur.

"Matarsa Hajo ce ta karya masa magani," in ji Haruna. "Maganinsa bai yarda da yauƙi ba, kowa ya sani. Jiya kuma kuɓewa aka ga tana yankawa."

"Kai ka ga ya ci?"

"Sai na gani? Ga shi can kwance! Wallahi muna dawowa daga maƙabarta gidan nan ya zama toka, da ita a ciki."

Ashafa ya san ba cika baki yake yi ba. Ya ɗauki wuƙar daga ƙasa ya jujjuya ta. Aiki ne mai kyau, ba irin na kasuwa ba. Bakinta yana ƙyalli, tsakiyarta baƙi ƙirin.

"Wani ya taɓa ta kwanan nan?"

"Wa ya isa?" in ji Haruna. "Da ita yake kwana, da ita yake tashi."

Sufeto ya buɗe tafin hannunsa. Ya yi shuɗi. Zaren da aka naɗe mariƙin da shi sabo ne fil, rininsa ko gama kamawa bai yi ba. Ya sa Kofur ya fito da Hajo ta ƙofar baya.

A caji ofis ta zauna a ƙasa, mace mai ƙaramin jiki, ta ja mayafi har goshi.

"Kin ba shi kuɓewa?"

"Tawa na yi daban, ranka ya daɗe. Shi kuka ya ci."

"Wuƙar nan ta taɓa barin gida?"

"Ba ta taɓa ba."

Ya nuna mata tafinsa. "To zaren da kansa ya zo ya naɗe ta? Hajo, mutanen can kalanzir suke nema. In kika ci gaba da rufa wa mamaci asiri, ke za a binne gobe."

Ta fashe da kuka. Sai da ta yi mai isarta sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ya sa na rantse ba zan faɗa ba. Tun ina amarya na taɓa ɗaukarta zan fasa kabewa. Bakin ya shiga, tsakiyar ta ƙi. Ko tuwo ba za ta yanka ba. Haka aka ƙera masa ita, kaifi a baki wajen tsini, tsakiya a dakushe. Da tsakiyar yake gurza cikinsa."

Kofur Ado ya dafe ƙirji yana salati, don shi ma akwai layar Sabo a damtsensa. Ashafa ya ɗauko fensirin ɗazu, ya ɗora tsakiyar wuƙar a kai, ya ɗan danna. Fensiri ya rabu biyu kamar rogo dafaffe.  Wani ya wasa wurin, ya kuma mayar masa da baƙinsa don kada ido ya gane.

"Wa ya naɗa zaren?"

"Wanda ya ƙera ta. Mariƙin ne ya kwance, na kai masa, yau da safe na karɓo. Malam Isyaku na Ƙofar Mata."

Sufeto ya ji kamar an kwaɗa masa tabarya a ƙeya. Isyaku abokinsa ne tun na ƙuruciya. Marini ne mai karofi nasa na kansa, ba gadon ƙira gare shi ba, sha'awa ce kawai ta kama shi. In ya tashi daga rini sai ya shige rumfarsa ya yi ta dukan ƙarfen tsohuwar mota, ya yi wata guda a kan wuƙa ɗaya, ya ba wanda ya ga dama. Maƙeran gado har tsiya suke masa, wai mai shuɗin hannu ya shigo musu gona. Wuƙar da ke aljihun Ashafa ma shi ya ba shi.

Ya hau kekensa ya nufi Ƙofar Mata.

Ya sami Isyaku zaune a rumfar, bayan marina. Murhu ya mutu, zuga-zugi sun yi ƙura.

"Ashafa, kai ne da tsakar rana?"

"Ka ji labarin Sabo?"

"Na ji. Allah ya jiƙansa."

"Kai ka naɗa zaren nan?"

"Ni ne. Zare kawai. Ai ka sani, tun rasuwar Salihu ban sake hura wuta ba, ban ɗora ƙarfe a dutsen washi ba."

Ashafa ya sani. Salihu shi ne ɗan Isyaku tilo, saurayi mai jini a jika, wanda aka tsinta bara a rumfar nan wuƙa ta huda masa ciki. An ce zamewa ya yi ya faɗa kanta. Ashafa da kansa ya yarda da haka, ya kuma ɗauki makara.

Yanzu idonsa yana kan hannun rigar abokinsa. Marini da hannun riga a sauke, a wannan zafi? Shekara da shekaru yana zama a nan yana kallon Isyaku yana aiki, ya san yadda yake gwada kaifi.

"Naɗe hannun rigarka."

"Don me?"

"Isyaku, naɗe."

Ya naɗe a hankali. A hannunsa na hagu, sama da inda shuɗin rini ya tsaya, akwai wani fili sumul, an aske gashin wurin tas, ko tsiro bai fara ba.

"Ba ka sakin wuƙa sai ta aske maka hannu," in ji Sufeto. "Wace wuƙa ka gwada jiya?"

Isyaku ya dubi wurin.

"Salihu bai zame ba," ya ce. "Maganin Sabo ya sha. Na tarar da ƙwaryar a gefensa, na ɓoye. Ya sha, ya ɗauki wuƙar da ta fi duk wuƙaƙena kaifi, ya yi yadda ya ga Sabo yana yi."

"Innalillahi! Sabo ya san da haka?"

"Na same shi. Ya ce yaron ne ya ci yauƙi." Ya yi wata irin dariya marar daɗi. "Ni zai gaya wa haka? Ni da na ƙera masa wuƙar, ina jin daɗin gwanintata? Salihu yana zuga mini wuta yana ba ni labarin Sabo, ni ina murmushi, ban taɓa buɗe baki na ce masa ƙarya ce ba. Da ta dawo hannuna sai na ce bari in ƙarasa aikin da na bari rabi. Na wasa ta, na shafa man kaɗanya na gasa a wutar girki ta yi baƙi. In maganinsa gaskiya ne, ai ba abin da zai same shi."

"Hajo fa? Yau za su ƙone ta saboda aikinka."

A nan ne fuskar Isyaku ta canza. Ya miƙe zumbur.

"Hajo? Me ta yi? Aike kawai aka yi mata!" Ya miƙo hannayensa biyu. "Sa min ankwa, amma ta Koki za mu bi."

Sun isa daidai lokacin da ake dawowa daga maƙabarta. Haruna yana gaba da kwalbar kalanzir. Isyaku ya tsaya a ƙofar gidan da ankwa a hannu, ya faɗi komai da babbar murya, tun daga ƙirar wuƙar har mutuwar ɗansa. 

"Ƙarya ne!" Haruna ya daka tsawa. Ya zaro tasa wuƙar, irin ta kasuwa, ya yaye riga. "Ni ma maganinsa na sha. Ku gani!"

"Taka ba ni na ƙera ta ba, ɗana," in ji Isyaku. "Haka Salihu ya tsaya."

Haruna ya dubi wuƙar, ya dubi cikinsa.  Can sai wuƙar ta faɗi ƙasa, duwatsun jama'a suka bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Kafin la'asar Hajo ta koma ɗakinta ta shiga takaba, matan da suka zage ta da safe suna shigowa gaisuwa kai a sunkuye. Sufeto Ashafa kuwa ya tasa abokinsa a gaba zuwa caji ofis, yana tura keke da hannu ɗaya, ɗayan yana share ido. A ƙofa Isyaku ya waiwayo.

"Wuƙar da na ba ka tana nan da kaifinta?"

"Tana nan."

"To ka gaya wa 'ya'yanka tana yanka."